Na kwashe kakannina daga wata manhaja zuwa wata, ga abin da ya zube a hanya

Wajen shekara takwas kenan ina tara salsalar gidanmu a kwamfuta, kaɗan-kaɗan, yau in samo sunan wata kaka gobe in samo shekarar rasuwar wani kawu, har abun ya kai mutum 1,200 da ɗoriya. Duk a manhaja ɗaya nake zubawa, ba zan kama sunanta ba don ba ita ce a gabana ba yau. Abun da ya faru dai ta tsufa, masu ita sun daina taɓa ta, kuma tunda na canza kwamfuta sai ta buɗe yau ta ƙi gobe. Ranar da ta sandare min ina tsakiyar rubuta labarin kakan mahaifiyata, na danna na danna shiru, gabana ya faɗi ba kaɗan ba, nace to shikenan ƙaura ta kama.

Sai dai ƙaura da mutum 1,200 ba kamar kwafe hoto ka zuba a filashi bane. Kowace manhajar salsala tana da nata irin rumbun da take adana bayanai, wannan ba ta karanta na waccan, waccan ba ta karanta na wannan. Yaren da ya haɗa su guda ɗaya ne, sunansa GEDCOM, ana furta shi jedkom, kuma fayil ɗinsa yana ƙarewa da .ged. Ka je wajen fitarwa a tsohuwar manhaja ta baka fayil ɗin, ka je wajen shigarwa a sabuwa ka miƙa mata. A baki kam minti biyu ne. Ni sai da ya cinye min sati uku, kuma galibin laifin nawa ne, don na ɗauka duk abun da na rubuta zai tsallaka lafiya lau.

Asalin abun daga cocin nan ne da aka fi sani da Mormon, mai hedikwata a Salt Lake City ta jihar Utah a Amurka. Su a aƙidarsu binciko magabata babban aiki ne, tun 1894 suka kafa ƙungiyar binciken nasaba ta Utah, wadda ita ce ta rikiɗe ta zama FamilySearch ta yanzu. A 1984 suka fito da GEDCOM na farko don mabiyansu su riƙa tura musu bayanai ta siga ɗaya, shi ya sa har yau in ka duba jerin alamomin ƙa'idar zaka ci karo da irin su BAPL da ENDL da SLGC, waɗanda na ibadun cocinsu ne zalla, ba ruwan kowa da su sai su. Zubi na 5.5 ya fito a farkon 1996. Na 5.5.1 kuma ya fito a 1999 a matsayin daftari kawai, amma abun dariya shi duniya ta rungume tana aiki da shi shekara ashirin cur, sai a 2019 aka buga masa hatimi aka ce to yanzu ya zama na hukuma. Wato mafi yawan fayilolin da mutane ke turawa juna yau an gina su ne a kan tsarin da aka zana tun zamanin faifan fulofi.

Abun da ya buɗe min ido, wanda kuma shi yasa nake wannan rubutun, shi ne ranar da na gaji da zato na buɗe fayil ɗin da Notepad. Ni a tunanina zan ga tarkacen alamomin da ba mai ganewa sai injiniya. Ashe rubutu ne zalla, layi bayan layi, kamar haka:

0 @I1@ INDI
1 NAME Wane /Ɗanwane/
1 SEX M
1 BIRT
2 DATE ABT 1921
2 PLAC Gari, Lardi, Ƙasa
1 FAMS @F1@
0 @F1@ FAM
1 HUSB @I1@
1 WIFE @I2@
1 CHIL @I3@
1 MARR
2 DATE 1946

Ka duba da kyau, kowane layi yana farawa da lamba, sai alama mai harafi uku ko huɗu, sai abun da ake son faɗa. Lambar nan mataki ce. Sifiri na nufin an buɗe sabon shafi, ko na mutum ko na iyali ko na madogara, wato takarda ko hirar da aka samo bayani daga gare ta. 1 na nufin wannan bayani ne a kan mai sifirin da ke sama. 2 kuma bayani ne a kan na 1 ɗin da ya gabace shi. Shi yasa DATE ɗin farko ranar haihuwa ce tunda tana ƙarƙashin BIRT, na biyun kuma ranar aure ce tunda tana ƙarƙashin MARR, alhali kalmar ɗaya ce. Abun da ke tsakanin @ biyu kuma lambar shaida ce, da ita wannan shafin ke nuna wancan da yatsa. Fayil ɗin gaba ɗaya yana farawa da 0 HEAD yana ƙarewa da 0 TRLR, kuma in ka buɗe naka baka ga TRLR a layin ƙarshe ba to ya yanke a hanya, kar ma ka ɓata lokaci ka sake fitarwa.

Wani abu da ya ɗan ɗaure min kai da farko, a GEDCOM babu layin da ke cewa wane ɗan wane ne kai tsaye. Sam babu. Ɗa yana nuna shafin iyali da FAMC, uba ko uwa suna nuna shi da FAMS, shafin iyalin shi ne ke tsakiya yana riƙe da kowa. Kuma shafin iyali ɗaya miji ɗaya yake ɗauka da mata ɗaya. Saboda haka wanda ya yi aure sau uku, ko a jere ko a haɗe, shafi uku za a buɗe masa, kowace mata da nata da 'ya'yanta a ciki. Gaskiya da na zauna na yi tunani sai naga tsarin ba laifi, don shi ke sa a bambance 'yan uba da 'yan ɗaki ɗaya ba tare da an rubuta komai ba. Inda yake ciwo shi ne in ka san uban yaro baka san wace ce uwarsa a cikin matan ba, dole ka buɗe wani shafin iyali na daban mai miji ba mata, sai wata manhajar ta nuna maka shi kamar ya yi wani aure na huɗu da wata wadda ba a san sunanta ba. Haka ya faru da kakan kakana, a sabuwar manhaja na tarar an ƙara masa amarya.

To bari in zo kan asarar.

Da na gama shigarwa abun farko da na duba shi ne adadi. Mutane sun cika cif, iyalai sun cika, na ji daɗi har na fara yiwa kaina kirari. Kwana biyu bayan nan na buɗe shafin kakata ta wajen uba, wadda na fi kowa wahala a kanta, don shekarar haihuwarta sai da na haɗa takardu uku da hira biyu kafin in tsayar, kowanne na rubuta inda na samo shi da dalilin da yasa na fifita wannan a kan wancan. Shekarar tana nan. Dalilan kuma an dunƙule su an watsa cikin wani dogon bayani guda ɗaya ba kai ba gindi, ba ka gane wace magana ce ta wace takarda. Wallahi na daɗe ina kallon allon nan ban ce komai ba.

Dalilin shi ne tsohuwar manhajata tana da fom na musamman ga kowane irin madogara, na takardar haihuwa daban, na hira daban, na jarida daban, kowanne da gurabe goma sha. Shi kuwa GEDCOM abun da ya sani game da madogara kaɗan ne: take, marubuci, bayanin bugu, inda aka ajiye ta, sai shafi, wato TITL da AUTH da PUBL da REPO da PAGE da 'yan ƙananan abubuwa. Akwai kuma QUAY, lamba daga 0 zuwa 3 da ke nuna ƙarfin hujja, 0 ba abin dogaro bane, 3 shaida ce ta kai tsaye. Iyakarta kenan. Duk abun da ya wuce wannan sai manhaja ta san yadda za ta cusa shi, ko ta matse gurabe goma cikin biyu, ko ta ƙirƙiro alamarta ta kanta.

Nan ne ake samun alamomi masu ɗan layin ƙasa a gabansu. Ƙa'idar ta yarda kowane kamfani ya ƙirƙiro tasa alamar in dai zai sa mata wannan layin a farko, irin su _UID da _MARNM da sauransu birjik. Niyyar mai kyau ce, amma sakamakon shi ne kowa na magana da nasa karin harshen, mai karɓa kuma in ya ga abun da bai gane ba zaɓinsa uku ne, ya jefa shi cikin bayani, ya rubuta shi a rahoton kurakurai, ko kuma ya yar da shi shiru ko tari ba zai yi ba. Na ukun nan shi ne mugun. Ni abun da ya tafi min a haka shi ne shaidu da mahalarta, wato a tsohuwar manhaja in an yi wani abu guda, misali aure ko ƙidaya, sai in rubuta shi sau ɗaya in rataya mutum biyar a jikinsa kowa da matsayinsa. Zubin 5.5.1 ba shi da hanya mai kyau ta ɗaukar wannan, sai ya zama abun ya tsaya a kan mutum ɗaya sauran huɗun sun fita fit. Kuma ba zaka taɓa ganewa ta hanyar ƙirga mutane ba tunda duk suna nan, zaren da ya ɗaure su ne ya tsinke.

Sai haruffa. Wannan kam duk mai suna ko sunan gari da ke ɗauke da harafin da babu shi a Turanci ya san zafinsa. Na buɗe jerin sunaye naga duk inda ƙ take ta koma Æ™, ɗ kuma ta koma É da wani dogon layi a gefensa. Na ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfutar. Ashe ba haka bane, fayil ɗin da wani tsarin adana haruffa mai suna UTF-8 aka rubuta shi, inda ƙ ke cin gurbi biyu, shi kuma mai karantawa ya ɗauka tsohon tsarin Windows ne mai gurbi ɗaya-ɗaya, sai ya fassara kowane rabi a matsayin harafi mai zaman kansa. Can sama a cikin HEAD akwai layi ɗaya, 1 CHAR, shi ke sanar da irin tsarin haruffan da aka yi amfani da shi. Tsohon GEDCOM da ANSEL ya taso, wani tsari na ɗakunan karatu na Amurka, kuma babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa. Wasu manhajojin ma sai su rubuta ANSI a wurin, kalmar da ba ta cikin ƙa'idar ko kaɗan. A 5.5.1 ne aka shigo da UTF-8. Maganin dai mai sauƙi ne in ka sani, wajen fitarwa ka zaɓi UTF-8, sannan ka buɗe fayil ɗin da idonka ka tabbatar abun da layin CHAR ya faɗa shi ne gaskiyar abun da ke ciki. In haruffan sun koma Æ™ da sauƙi, ana iya dawo da su. In kuwa sun koma alamar tambaya to sun mutu, sai dai ka koma tushe ka sake fitarwa.

Akwai wata ƙaramar masifa kuma da ta bani dariya daga baya. A cikin dogayen labaran da na rubuta sai in riƙa ganin kalmomi biyu sun manne, kamar "yatafi" ko "shekararda", nan da can, kusan duk bayan layi uku. Dalili: tsohuwar ƙa'ida ta ce layi kar ya wuce harafi 255, saboda haka dogon rubutu sai an daddatsa shi, CONT na nufin sabon layi, CONC na nufin ci gaba da inda aka tsaya ba tare da tazara ba. Ƙa'idar ta ce a datsa a tsakiyar kalma, kar a datsa a kan tazara, don wasu manhajojin suna share tazarar da ke ƙarshen layi. To wasu masu rubuta manhaja ba su bi ba, suka datsa a kan tazara, mai karɓa ya share ta, kalmomi suka rungume juna. Wasu kuma don gudun haka sai suke ƙara tazara da kansu, sai kaga kalma lafiyayya an raba ta biyu. Shekara da shekaru ana wannan rikicin a kan tazara ɗaya tal.

Hotuna kuwa kar ma ka sa rai. Fayil ɗin .ged ba ya ɗauke da hoto, adireshin inda hoton yake a kwamfutarka kawai yake ɗauka, a ƙarƙashin OBJE da FILE. In ka tura wa wani, ko ka canza sunan folda, adireshin ya zama na gidan da aka rushe. Zubin 5.5 ya taɓa gwada cusa hoton a cikin fayil ɗin da wata alama BLOB, 5.5.1 ya cire ta. Nawa hotuna wajen 300 ne, sai da na tattara su a folda ɗaya kusa da fayil ɗin, na yi amfani da nemo-ka-musanya na gyara adireshin gaba ɗaya a Notepad. Wannan kam ya yi aiki tas, kuma a nan na fara ganin amfanin kasancewar abun rubutu ne zalla, don da rufaffen rumbu ne da sai dai in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kwanan wata shi ne inda nake ganin GEDCOM ya yi ƙoƙari fiye da yadda ake yaba masa. Masu zana shi sun san cewa mai binciken nasaba rabin rayuwarsa a kan "wajen" da "kafin" da "bayan" take. Akwai ABT na wajen shekara kaza, BEF na kafin, AFT na bayan, BET da AND na tsakanin kaza da kaza, EST na ƙiyasi, CAL na wanda aka lissafo daga wani abu, misali daga shekarun da mutum ya rasu yana da su. Watanni kuma dole da gajeren Turanci, JAN, FEB, MAR, ko da wane yare kake aiki. Ni da na riƙa rubuta wasu da hannu yadda naga dama, irin "farkon 1950 ko ƙarshen 49", duk sabuwar manhaja ta sa musu jan layi ta kasa jera su. Laifina ne wannan. Abun da ba laifina ba shi ne kalanda. Huɗu ƙa'idar ta sani, ta Miladiyya da ake amfani da ita yanzu, tsohuwar ta Juliyas, ta Yahudawa, da ta juyin juya halin Faransa wadda ko shekara goma sha biyar ba ta yi ana aiki da ita ba. Kalandar Hijira da ɗaruruwan miliyoyin mutane ke rubuta haihuwa da rasuwa da ita ba ta ciki. Gramps, wata manhajar salsala wadda kyauta ce kuma buɗaɗɗiya, tana karɓar kwanan Hijira da na Farisa a cikin gidanta, amma fita da shi ta ƙofar GEDCOM wani zance ne daban. Abun da nake yi yanzu, in sa na Miladiyya a gurbin DATE, in rubuta na asalin harafi da harafi a cikin bayani, don juyawa daga wannan zuwa wancan kan iya gocewa da kwana ɗaya, kuma abun da takarda ta faɗa shi ne hujja ba lissafina ba.

Sunaye ma haka. Sandunan nan biyu da ke kewaye da /Ɗanwane/ suna nufin sunan dangi, wanda ake gada daga kaka zuwa jika. To ai ba duk duniya ke da wannan ba, mutanen Iceland har gobe sunan uba suke ɗauka, wurare da yawa ma haka, wasu kuma suna ɗaya gare su tal. In ka sa sunan uba a cikin sandunan manhaja za ta tara duk masu wannan sunan ta ce dangi ɗaya ne, in ka bar shi fanko wata ta cike maka da "ba a sani ba". Babu amsa mai daɗi a nan, ka zaɓi hanya ɗaya kawai ka tsaya a kanta tun daga farko har ƙarshe.

Ana cikin haka sai wani yayana, ɗan wan babana, wanda shi ma yana nasa tarin a wani shafin intanet, ya ji labari ya turo min nasa fayil ɗin. Yace, "Kai dai ka zuba a naka kawai su haɗu, ai duk mu ɗaya ne." Nace, "Yaya, in na zuba fa kowa zai zama biyu." Yace haba dai, kwamfuta ba ta da hankali ne? To gaskiya a nan ba ta da shi. Lambar @I1@ ba ta mutum ba ce ta dindindin, ta wannan fayil ɗin ce kawai, @I45@ nawa kaka ce, @I45@ nasa wani jariri ne. Manhaja sai dai ta yi hasashe da suna da shekara, kuma a dangin da ake maimaita suna ɗaya sau bakwai hasashen nan haɗari ne, za ta iya haɗe jika da kakansa su zama mutum ɗaya wanda ya rayu shekara 140. Ban zuba ba. Na buɗe masa rumbu na daban, na ajiye su gefe da gefe, ina ɗauko abun da na tabbatar da hannu. A hankali ne, amma na samu mutum goma sha da ban da su, na kuma tarar da wurare biyu inda nasa ne daidai nawa ne kuskure, na kira shi na faɗa masa, ya ji daɗi har da cewa ai dama ya sani.

Wani abu da fayil ɗin nasa ya tuna min, duk rayayyun danginmu suna ciki, da cikakkiyar ranar haihuwa da sunan uwa, har da lambobin waya a wasu. Fayil ne da kowa zai iya buɗewa ya karanta, ba makulli ba komai. Ranar haihuwa da sunan mahaifiya kuwa su ne irin tambayoyin da ake tantance mutum da su a wurare da dama. Kusan kowace manhaja tana da wajen da zaka danna ta ɓoye rayayyu kafin fitarwa, amma ta yaya take sanin rayayye? Galibi in ba ta ga ranar rasuwa ba ne kuma shekarun ba su wuce ɗari ko ɗari da goma ba. Wanda ba shi da kwanan wata ko ɗaya fa, nan kowace da yadda take yi. Sai ka buɗe ka nemo sunan ƙanwarka ka gani da idonka kafin ka tura.

A 2021 FamilySearch ta fito da GEDCOM 7, kuma gaskiya sun taɓo wuraren da ke ciwo. UTF-8 kaɗai aka yarda da shi yanzu, zancen ANSEL ya ƙare. An cire iyakar tsawon layi, CONC ta tafi da rikicinta. An kawo GEDZIP, fayil mai ƙarewa da .gdz, wanda ke ƙunshe bayanan da hotunan a jaka ɗaya. Alamomin da kamfanoni ke ƙirƙira an ba su hanyar da za su bayyana ma'anarsu a saman fayil. Akwai ma wata alama NO da ta burge ni, wadda da ita zaka ce wannan abu bai faru ba, misali wance ba ta taɓa aure ba, wanda ya sha bamban da ban sani ba ko ta yi. Kafin wannan an yi yunƙuri biyu da ba su karɓu a wajen masu manhajoji ba, wani daftarin zubi na 6 da aka gina a kan XML, wani salon tsara bayanai a fayil, a farkon shekarun 2000, da GEDCOM X na wajen 2012. Matsalar 7 ɗin ita ce sai ɓangare biyu sun iya shi. Wasu sun karɓa, wasu har yanzu 5.5.1 suke fitarwa, kuma tsohuwar manhajata da aka daina sabuntawa ai ba za ta taɓa jin labarinsa ba. Saboda haka kafin ka zaɓi zubi ka fara tambayar mai karɓa me yake ci.

Kuma manhaja tana mutuwa fa, ba tawa kaɗai ba. PAF, wadda cocin da ya ƙirƙiro GEDCOM ɗin da kansa ya yi, miliyoyin mutane suka yi amfani da ita, an rufe ta a 2013. The Master Genealogist ta bi a 2014. Family Tree Maker ma a ƙarshen 2015 kamfanin Ancestry mai ita ya sanar zai daina ta, sai a 2016 wani kamfani Software MacKiev ya saye ta ya ci gaba. Duk waɗanda suka tsira da aikinsu a irin wannan lokacin galibi ta wannan tsohuwar ƙofar suka fita, duk da ƙuncinta. Shi yasa duk ƙorafin da na jero a sama ban raina shi ba. Wasu manhajojin ma kamar Family Historian da Ancestris kai tsaye a GEDCOM suke ajiye aikinsu.

Yanzu dai manhaja ɗaya na ɗauka a matsayin uwar gida, a nan kaɗai nake gyara, duk sauran wurare kwafi nake kai musu, ba na yawo da fayil daga nan zuwa can zuwa can a dawo, don duk tsallake ɗaya sai wani abu ya zube. Tsohon rumbun ban goge shi ba, yana nan tare da fayil ɗin farko da na fitar wanda ban taɓa ko harafi a ciki ba, na sa masa kwanan wata a suna. Kafin babbar ƙaura kuma da na sani da na fara gwadawa da mutum goma mafiya rikici, mai aure uku, wanda aka riƙa, mai suna biyu, mai dogon labari, mai kwanan Hijira, in tura su su kaɗai in ga yadda suka sauka. Rahoton kurakuran da ke fitowa bayan shigarwa ma, wanda na danna na rufe ban karanta ba a ranar farko, da na koma na buɗe shi layi 400 ne da wani abu, kuma kusan duk abun da na yi sati uku ina farauta yana rubuce a ciki da lambar layinsa.

Madogaran kakata na gama warware su jiya da dare, takarda uku hira biyu kowacce ta koma gurbinta. Saura na mutum tamanin da wani abu, da amaryar nan da aka ƙara wa kakan kakana, wadda har yanzu ban yanke shawarar yadda zan sallame ta ba tare da yaron ya rasa uba ba.